Sarkin Cokali a Rumfar Yayata

Ku da kuka cika min waya da saƙo kuna ce min butulu, wai Allah Ya kawo min miji har gida ina yanga, to ku gyara zama. Musamman ke da kika rubuto cewa da ke ce, ko a buhu ya saka ki za ki bi shi. Na gani, ban kuma goge ba. Ki daure ki karanta wannan har ƙarshe, in kin gama ki turo min kwatancen gidanku in aiko miki da shi.

Wanda yau ya fara shigowa shafin nan, ni ce Auta. Mu biyu Umma ta haifa, ni da Yaya. Mutumin da ake son in aura kuwa ƙila kun taɓa cin karo da shi a waya. Shi ne mai yawo gidajen abinci da waya a kan sanda, ya gutsiri loma ɗaya, ya lumshe ido, ya yanke wa mutane hukunci da taurari. Sarkin Cokali yake kiran kansa. Goggo, ƙanwar marigayi babanmu, ita ta haƙo min shi. A layin asibitin ido suka haɗu da uwarsa, kafin a ɗiga musu magani har sun gama aurar da ni.

Ina cikin guga saƙonsa ya shigo.

"Gimbiya, ki shirya gobe. Zan kai ki babban filin wasanni ki ga yadda nake aiki. Yau da gobe kada ki cika ciki, akwai ci a gabanki."

Wallahi saura ƙiris in ƙone mayafin Umma. Babban filin wasanni ɗaya ne a garin nan, kuma a cikinsa Yaya take da rumfa, can kusa da inda yara suke sulun ruwa. Kaza take soyawa da dankali. Tunda mijinta ya rasu take tsaye a gaban tafasasshen man nan, da shi take riƙe da 'ya'yanta, da shi na gama makaranta, da shi ake sayen maganin hawan jinin Umma. Amma Goggo, da uwarsa ta tambaye ta aikin Yaya, sai ta buɗe baki ta ce manaja ce a wani babban otal.

Na ɗauki waya na faɗa ɗakin Umma. Goggo na zaune bakin gado ta baje kayana tana zaɓen wanda zan sa, fankar nan tamu mai ƙara tana ta ƙas-ƙas a kanta.

"Goggo, filin su Yaya zai kai ni."

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "To sai me? Rumfunan da ke filin nan sun fi gashin kanki yawa. Ina zai gan ta?"

"In kuma ya gan ta fa?"

"Ba ki san ta ba, ba ta san ki ba. Wuni ɗaya ne, ba mutuwa za ku yi ba. Ungo, wannan ruwan tokar za ki sa, ta fi fito miki da wuya."

Na juya wurin Umma. Tana zaune kan kujerar roba tana ta jan wani zare a bakin zanenta.

"Umma, kin ji fa abin da take faɗa."

"Na ji," ta ce a hankali. "Goggonku ta fi mu sanin mutanen."

A gabana Goggo ta danna waya ta yi wa Yaya saƙon murya mai tsawo, har da su "ki rufa wa ƙanwarki asiri". Muka ga alamar an saurara. Can sai amsa ta shigo, kalma ɗaya: "To." Na san Yaya. In ta ce "to" a gajarce haka, ranta ya gama ɓaci ke nan.

Washegari na sa doguwar rigar ruwan tokar, da mayafi mai duwatsu a gefe, da takalmin da ke cin ɗan yatsana. Goggo ta ce ita ce 'yar rakiya, ta ɗaure cikin leshi mai nauyi da takalmi mai tsini, kamar ba filin wasan yara za mu ba. A bakin ƙofa muka same shi, farar riga, baƙin tabarau, turare kamar ya faɗa cikin kwalbar. A aljihun ƙirjinsa ga wani cokali ruwan gwal ya leƙo kai. Jama'a, da cokalinsa yake yawo.

Aka ɗaura mana tikiti a hannu muka shiga. Ihun yara ta ko'ina, jirgin nan mai hawa sama ya gangaro yana wucewa ta kanmu, kiɗa daga kowace kusurwa, ga ƙamshin suya da na sukari ya cika iska. Cikina ya yi ƙugi, don ko shayi ban sha ba.

"Doka biyu gare ni," ya ce yana ɗaura waya a sanda. "Ba a taɓa abinci sai na gama ɗauka. Ba a magana in jan fitilar nan ta kama."

"Ai tsari ke nan," Goggo ta ce tana washe baki. "Auta, kin ji mutane masu tsari."

Rumfar boga, burodin nan mai nama a tsakiya, muka fara zuwa, gefen majaujawa. Irin wurin nan ne da babu kujera, ka bi layi, a naɗe maka a takarda, ka ci a tsaye. Yaron rumfar ya miƙo guda uku suna tururi, naman yana ɗigar da romo. Na miƙa hannu, Sarkin Cokali ya buge min yatsu da bayan cokali. Ya buɗe burodin, ya ɗaga ganye, ya leƙa ƙarƙashin nama kamar mai neman kuɗinsa da ya faɗi. Ya ɗauka ta sama, ya ɗauka ta gefe, ya tsuguna ya ɗauka ta ƙasa. Sai da tururin ya mutu sannan ya gutsira, ya yamutsa fuska.

"Ganye ya kwanta, burodi ya jiƙe. Tauraro biyu, shi ma don ina da tausayi."

Ya tattara duka ukun ya zuba a kwandon shara. Har da nawa! Wai kada in ɓata bakina, akwai na gaba.

A wurin fiza ma haka. Ya ja yanki don cukwin ya miƙe, bai miƙe yadda yake so ba, ya sake ja, ya sake, har abin ya sandare ya zama kamar tafin silifas. Sannan ya ce wa kyamara ya yi tauri. A wurin askirim ya tsaya gyaran tabarau har ya narke ya bi masa hannu, ya ce ruwa ne zalla. Kowace magana ya yi, Goggo sai ta ƙyalƙyale da dariya. Ni kuwa yunwa ta fara sa ni ganin mutane bibbiyu.

"Kin ga can inda ake sayar da balan-balan?" ya ce yana nuna min da cokali. "Bara wani mai shawarma ne a wurin. Bidiyo ɗaya na yi masa."

"Sai me ya faru?"

"Sai ga balan-balan." Ya yi dariya. "Masu filin nan duk ƙarshen shekara suke sabunta wa 'yan rumfa zama, kuma taurari suke dubawa. Nawa suke fara kallo. Wanda na ba ɗaya, ya fara ɗaure kayansa."

Na kalli Goggo. Ta kau da kai ta hau gyaran ɗankunne.

Daga nan ya ce mun gama da na talakawa, yanzu za mu ci abinci. A tsakiyar filin akwai wata doguwar hasumiya, a samanta gidan abinci mai gilashi ta ko'ina. Nan kam akwai kujeru masu laushi, farin ƙyalle a tebur, sanyin na'ura har cikin ƙashi. Manajan da kansa ya taro mu yana rusunawa, ya ja wa Goggo kujera, ta zauna tana hura hanci. Muka jira, muka jira, sannan aka kawo faranti mai faɗin tire, a tsakiyarsa ɗan guntun kifi da wani ɗigon miya an ja shi da cokali, da ganye ɗaya a kai don ado.

Ku bar ni in faɗi gaskiya, tunda ni na ci. A ƙasa babu wurin zama, akwai rana, akwai turereniya, amma abin da ke cikin takardar nan da zafinsa yake fitowa, kuma yana cika ciki. A sama kuwa kujera kake ci da sanyi da gaisuwa. Kifin ya bushe, gishiri kamar an yi ɓari. Burodin da aka ajiye a kwando shi ya cece ni.

Shi ma Sarkin Cokali da ya kai loma sai na ga ya faki ido ya tofar a ƙyallen goge baki. "Gishiri," ya ce ƙasa-ƙasa. Sannan ya danna waya, jan fitila ta kama, ya lumshe ido ya dafe ƙirji.

"Masoyana, wannan kifi narkewa yake a baki. Tauraro biyar, da akwai na shida da na ƙara."

Da ya kashe na ce, "Ba yanzu ka tofar ba?"

Goggo ta taka min ƙafa da tsinin takalminta.

"Gimbiya, ba ki san aiki ba," ya ce yana goge cokalinsa. "Waɗannan sun san darajar mutum. Gayyata ta suka yi."

"Su na ƙasa fa?"

"Na ƙasa ba sa gayyata. Dirar musu ake yi."

Ya miƙe ya je jikin gilashi yana ɗaukar filin daga sama. Ni na riga na hango rumfar Yaya tun shigowarmu, shi ya sa na zauna na ba tagar baya. Rumfa ce mai ruwan ɗorawa, layin mutane ya miƙe daga gabanta har ya lanƙwasa bayan sulun ruwa.

"Kai! Wancan layin fa? Me ake sayarwa?"

"Ɗana, ƙafata ta kumbura," Goggo ta yi caraf. "Mu tafi gida haka, ai ka yi ƙoƙari."

"Goggo, inda layi yake nan masu kallo suke. Minti kaɗan ne."

Ban san yadda na sauko daga hasumiyar nan ba. Sarkin Cokali bai bi layi ba, ya kutsa gaba yana ɗaga sanda, wasu suka gane shi suka matsa. Ga Yaya a gaban kasko, farar hula, atamfar aiki duk ɗigon mai, gumi na bin wuyanta. Ta ɗago. Idonta ya sauka a kaina, ya wuce kamar ta kalli turken fitila.

"Sannunku da zuwa. Me za a kawo muku?"

Muryar da take tashina da ita da safe ke nan, amma yau babu ni a cikinta. Ta tsamo kaza daga mai tana ƙara, ta barbaɗa yaji, ta zuba dankali, ta miƙa masa da hannu biyu.

"A ci da zafi, yallaɓai. In ta huce ɓawon yana saki."

"Za ki koya min cin abinci ne?" ya ce, mutanen layi suka yi dariya.

Ya kai kwalin kan wani benci, ya ce rana ta yi yawa. Ya mayar gindin bishiya, ya ce duhu. Ya kai bakin sulun ruwa don yara su fito a bayansa, feshin ruwa yana sauka a kan kazar yana kallo. Ana haka uwarsa ta kira, ya tsaya yana ba ta labarin hasumiya, har ya miƙa wa Goggo su gaisa. Ni ina tsaye ina kallon man yana daskarewa a jikin kwali. Kamar in fizge in cinye, kamar in kifa masa a farar rigar nan.

Sai da ya ga dama ya dawo gaban rumfar ya danna waya. Ya gutsira, ya tauna sau biyu, ya tofar a ƙasa, a gaban layin mutanenta.

"Sanyi ƙalau. Ɓawo ya saki, maiƙo kamar an wanke injin mota. Ke, mai kaza, zo nan ki tsaya su gan ki."

Yaya ta goge hannu ta fito ta tsaya inda ya nuna.

"Man nan naki wata nawa yake yi a kasko?"

"Kullum da safe nake sakewa, yallaɓai."

"Kullum da safe," ya kwaikwayi muryarta. "Haka dukkansu suke cewa. Masoyana, in kuna son cikinku, ku zagaye rumfar nan. Tauraro ɗaya." Sai ya juyo da wayar kaina. "Ga gimbiyata nan, ita ba ta iya ƙarya ba. Ɗanɗana ki gaya musu."

Ya tura min kwalin. Goggo ta matso ta kama gefen mayafina tana murzawa. Na ɗauki cinya na gutsira. Ta huce, gaskiya ne. Amma ko a hucen na ji tafarnuwar da nake taya ta ɓarewa a tsakar gida, na ji hannun Yaya. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Kazar nan ba ta da laifi, kai ne mugu! An ce maka ka ci da zafi, ka ɗauke ta ka yi ta yawon shanya da ita kamar wanki. Ka tofar da kifin sama ka ba shi biyar don an ja maka kujera. Tun safe kake zubar da abincin bayin Allah a shara kana kashe musu sana'a, kai ko ƙwai ba ka iya soyawa ba. Kuma wannan da kake ce wa ke, yayata ce! Uwa ɗaya uba ɗaya!"

"Na shiga uku," Goggo ta ce, ta saki mayafina ta dafe kai.

Mutanen layi suka zuba mana ido. Sarkin Cokali ya sauke sandar a hankali, ya cire tabarau. Ya kalle ni, ya kalli Yaya, ya sake kallona. Hancinmu ɗaya, goshinmu ɗaya, makaho ma ya shafa ya gane.

Ni a zatona Yaya za ta riƙe hannuna. Sai ji na yi ta ce, "Yallaɓai, ka yi haƙuri, ban san ta ba. Ina jin rana ce ta bugi baiwar Allah."

Ku da kuke cewa ba ni da zuciya, a nan ta fashe. Duk zagin da ya yi bai yi min ciwon wannan ba.

Shi kuwa murmushi ya yi. Ya ja mu gefen rumfar, bayan tulin kwalaye, inda mutane ba za su ji ba.

"Manajar otal," ya ce yana kallon Goggo. "Sannu, Goggo."

"Ɗana, ka tsaya in yi maka bayani..."

"Ba na so. Mamana ta gama gaya wa danginmu kaf cewa yayar matata manaja ce. Ba zan koma in ce mata mai suyar kaza ce a bakin sulun yara ba." Ya juyo gare ni, muryarsa a kwance kamar yana zaɓen abinci. "Gimbiya, abu biyu ne, ki ɗauki ɗaya. Ko in saki wancan bidiyon yau, in yanke haukanki, in bar tauraro ɗaya. Kin dai ga mai balan-balan. Ko kuma a soyo sabuwa, in ci da zafi, in ba ta huɗu, layinta ya ninka. Amma ke za ki tsaya a gabana ki ce ba ki san mai rumfar nan ba, ba ki taɓa ganinta ba, don kada gobe a ce na yi son kai. Kuma yadda kika faɗa, haka zai zauna. A bikinmu, a gidana, a gaban dangina, ba ki da wata yaya mai kaza."

"Allah Ya isa," na ce.

"Ya isar miki. Zaɓi dai."

"Ke dalla rufe mana baki!" Goggo ta finciko ni. "Mutum yana rufa miki asiri kina masa rashin kunya? Maganin uwarki daga ina yake fitowa? Marayun can me za su ci? Ke za ki ciyar da su da wannan bakin naki?"

Na tsani Goggo a lokacin. Na tsane shi, na tsani cokalinsa, na tsani Umma da zarenta. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne, a duk ƙaryar da matar nan ta shirga, wannan maganar ɗaya gaskiya ce.

Na ji ƙarar mai. Na waiwaya. Yaya ta riga ta koma gaban kasko ta jefa sabuwar kaza, ba wanda ya ce ta yi. Ta tsamo, ta jera a kwali mai tsabta, ta kawo masa. Sannan ta zaro takardar goge hannu ta matso kusa da ni.

"Hajiya, akwai maiƙo a bakinki," ta ce da ƙarfi yadda kowa zai ji.

Ta goge min gefen baki. Ta gyara min mayafin da Goggo ta karkatar. Hannunta duk tabon ƙuna. Ta sunkuyo daidai kunnena.

"Ba don aurenki ba, Auta. Aurenki ke kika sani. Yarana nake roƙar miki. Ki faɗa."

Ta koma bayan kantarta ta ɗauki matsami, ta ce wa na gaba a layi, "Me za a kawo maka?"

Sarkin Cokali ya mayar da tabarau, ya ɗaga sanda, ya saita ni a tsakiya, rumfar Yaya a bayana. Jan fitilar ta kama.

"Gimbiya," ya ce da muryar nan tasa ta masoya, "gaya musu. Kin san matar nan?"